Shekarun da Ƙwallo Ya Daina Tsallake Katanga a Besbol ɗin Jami'o'in Amurka

A watan Yunin 2013 jami'o'i takwas suka hallara a birnin Omaha na jihar Nebraska domin gasar ƙarshe ta besbol ɗin jami'o'in Amurka, wadda ake kira College World Series. An buga wasanni 14, kuma a duk cikinsu sau uku kacal aka samu wanda ya maka ƙwallo ya tsallake katanga. Jami'ar UCLA da ta ɗauki kofin ba ta yi ko ɗaya daga cikin ukun ba. Maki 19 ta ci a wasanni biyar, aka ci ta huɗu. Masu horar da 'yan wasa suka yi ta ƙorafi, 'yan jarida suka ce wasan ya zama lami, aka yi ta hasashen cewa 'yan kallo za su juya wa gasar baya. Da aka gama lissafi sai ga shi mutum 341,483 ne suka shiga filin a wannan shekara, adadin da gasar ba ta taɓa samu ba kafin nan.

Wannan ne ya sa batun yake da wuyar sha'ani. Ƙarancin ci yana yi wa wasan illa, illa ta gaske, amma ba a ƙofar shiga take fara bayyana ba. Wanda ya ɗora jadawalin maki kusa da jadawalin tikiti yana jiran ya ga sun sauka tare, ba zai ga komai ba, har ya ɗauka babu matsala.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga yadda ake ci a taƙaice. Mai jifa yana tsayawa ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu, wato kimanin mita 18 da rabi. Idan mai bugu ya doki ƙwallo, sai ya ruga zuwa tasha ta ɗaya, daga nan ta biyu, ta uku, ya dawo gida inda ya fara. Wannan zagaye shi ne maki ɗaya. Kowace ƙungiya tana da zubi tara na bugu, kuma zubinta yana ƙarewa da zarar an fitar mata da mutum uku, misali ta hanyar cafke ƙwallon da aka buga kafin ya taɓa ƙasa. Idan ƙwallo ya tsallake katangar bayan fili, abin da ake ce wa homran, mai bugun da duk abokansa da ke kan tashoshi za su dawo gida ba tare da an tare su ba. Bugu ɗaya yana iya kawo maki huɗu. A nan ne homran ya bambanta da kowane irin bugu: shi kaɗai ne ke iya goge tazarar maki huɗu cikin ƙiftawar ido.

Daga sandar ƙarfe zuwa sandar da aka daƙushe

Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta halatta sandar alminiyam a 1974, galibi don rage kashe kuɗi, tunda sandar katako tana karyewa. Kamfanoni suka shiga gasar sirantar da bangon sandar da rage mata nauyi. Sandar ƙarfe holoƙo ce, don haka idan ƙwallo ya same ta bangonta yana lotsawa ya sake tasowa. A karon sandar katako da ƙwallo, ƙwallon ne ke matsewa, kuma ƙarfi mai yawa yana ɓata a wannan matsewar. Idan sandar ce ta ɗauki wani kaso na lotsawar, ƙarfin da ke ɓata ya ragu, ƙwallon ya fita da gudu fiye da kima.

Abin ya kai maƙura a 1998. A matsakaici kowace ƙungiya a rukuni na ɗaya, wato na manyan jami'o'i, tana cin maki 7.12 da homran 1.06 a wasa. An yi homran 62 a Omaha a shekarar, kuma wasan ƙarshe ya tashi 21 da 14, Jami'ar Kudancin Kalifoniya (USC) ta doke Jami'ar Jihar Arizona. Shekara guda kafin nan Jami'ar Jihar Luwiziyana (LSU) ta yi homran 188 a kaka ɗaya. Ba armashin wasan kaɗai ya damu hukuma ba. Akwai tsoron rayuwar mai jifa, wanda ke gama jifarsa jiki a sake, ga ƙwallo yana dawo masa ta fuska daga nisan da bai kai mita 17 ba.

Daga 1999 aka fara ɗaure sanda. Aka rage kaurin kanta daga inci 2 da uku bisa huɗu zuwa inci 2 da biyar bisa takwas, aka kuma ce bambancin tsawonta a inci da nauyinta a oza kada ya wuce uku: sanda mai inci 33 dole ta kai oza 30. Sai kuma aka bi da gwajin saurin fitar ƙwallo. Wannan gwaji yana da ɓaraka ɗaya babba, domin sabuwar sanda ake gwadawa. Sandunan da aka ƙera da zaren kabon suna ƙara zafi ne yayin da ake amfani da su, saboda ƙullin da ya riƙe zaren yana sassautawa. Wasu ma ba sa jiran lokaci, sai su cusa sandar tsakanin na'urorin matsi su mulmule ta har ta yi laushi. A gasar 2009 an gwada irin waɗannan sanduna 25, guda 20 suka faɗi gwajin, aka dakatar da su.

A 2011 aka kawo ma'aunin BBCOR, wanda ke auna yawan ƙarfin da sanda ke mayar wa ƙwallo, aka sa iyaka a 0.50, kusan daidai da sandar katako mai kyau. Don su cika wannan sharaɗi, kamfanoni suka ƙara kaurin bango ko suka sa zobe a cikin kan sandar domin ya hana shi lotsawa. Wurin da ke ba da bugu mai daɗi a jikin sandar ya tsuke. Ga ƙa'idar da masu lissafin wasan ke amfani da ita: duk mil ɗaya a awa da aka rage daga saurin fitar ƙwallo yana cin kusan ƙafa biyar na nisan tafiyarsa. Rage mil huɗu ko biyar ya isa ya mai da homran ya zama ƙwallon da mai tsaron baya zai cafke yana tsaye gaban katanga.

Sakamakon bai jira ba. Homran ya faɗo daga 0.94 a wasa a 2010 zuwa 0.52 a 2011, maki daga 6.98 zuwa 5.58. A 2014 homran ya kai 0.39, maki 5.08. Lokacin da Kris Bryant na Jami'ar San Diego ya yi homran 31 a 2013, shi kaɗai ya fi abin da yawancin ƙungiyoyin rukuni na ɗaya suka tara da duka 'yan wasansu.

A Omaha kuwa matsala biyu ce ta haɗu. A 2011 ɗin dai aka bar tsohon filin Rosenblatt, wanda ke kan tudu inda iska ke taimaka wa ƙwallo ya fita, aka koma sabon fili a tsakiyar gari, wanda a lokacin ake kira TD Ameritrade Park, yanzu kuma Charles Schwab Field. Katangarsa tana da nisan ƙafa 335 a gefuna, 375 a tsakatsaki, 408 a tsakiya. Mai bugu yana fuskantar kudu maso gabas, kuma iskar watan Yuni a Nebraska daga kudu take yawan kaɗowa, wato tana tunkarar ƙwallon ne. Homran 32 aka yi a shekarar ƙarshe ta Rosenblatt. A sabon fili aka yi 9 a 2011, 10 a 2012, uku a 2013, uku a 2014.

Abin da ya canza a cikin fili

Ba homran kaɗai ya ɓace ba, kuma wannan ne mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan mai tsaron baya ya tabbata ƙwallo ba zai wuce ta kansa ba, sai ya matso gaba da taku goma ko fiye. Ƙwallon da a da zai faɗi gabansa ya zama bugu mai kyau, yanzu hannunsa zai faɗa. Wanda kuma ya faɗi ƙasa, zai ɗauke shi da wuri ya jefo gida, don haka ɗan wasan da ke tasha ta biyu ba zai iya dawowa gida da bugu ɗaya ba, sai ya tsaya a ta uku. Shi ma mai jifa tsoro ya fita daga ransa. Ba ya buƙatar lallaɓa ƙwallo ta gefe. Sai ya riƙa jefa shi tsakiya yana cewa in ka isa ka buga, kuma hakan ya rage yawan waɗanda ke samun tasha ta ɗaya kyauta saboda kuskuren jifa.

Dubi zubi ɗaya na wancan zamani. Mai bugu na farko ya samu tasha ta ɗaya. Na biyu bai ko ɗaga sanda ba, sai ya tare ƙwallon da ita ya dangwale shi ƙasa, ya yarda a fitar da shi don abokinsa ya kai tasha ta biyu. Na uku ya buga ta ƙasa zuwa ɓangaren dama, aka fitar da shi, abokin ya kai tasha ta uku. Saura mutum ɗaya. Na huɗu ya sami ƙwallon sosai, ƙarar sandar ta cika fili, jama'a suka miƙe tsaye, ƙwallon ya tashi, ya tsaya a iska, ya sauko cikin safar hannun mai tsaron tsakiya taku uku kafin katanga. Kowa ya koma ya zauna. Idan hakan ya faru sau uku a dare ɗaya, a na huɗu ba wanda zai miƙe.

Mai horarwa da ya ba da umarnin dangwalewa ba wauta ya yi ba. Lissafi ya nuna sadaukar da mutum ɗaya yana rage jimillar makin da ake sa ran samu a zubi, amma idan maki ɗaya ne zai raba gardama, kuma babu wanda zai iya fitar da ƙwallo waje, neman ɗayan shi ne hankali. Daga nan ɗaukar 'yan wasa ma ya sauya: aka fi neman masu gudu da iya tsaro a kan ƙarfafa masu nauyin hannu. Wato ƙarancin ci ya riƙa haifar da ƙarin ƙarancin ci.

Me ya sa kujeru ba su zama wayam ba

Lambobin Omaha su ne mafi saukin dubawa, muddin aka raba jimilla da yawan wasanni. A 2013, mutum 341,483 a wasanni 14 ya ba da kimanin 24,400 a kowane wasa. A 2014 jimillar ta haura zuwa 347,740, amma wasanni 16 aka buga, don haka matsakaicin ya sauka zuwa wajen 21,700. Homran uku ne a duka shekarun biyu. Abin da ya bambanta su shi ne waɗanda suka zo. A 2013 akwai LSU, akwai kuma Jami'ar Jihar Misisipi da ta kai wasan ƙarshe karo na farko a tarihinta, magoya bayanta suka yi ɗango a mota zuwa Nebraska. A 2014 babu ko ɗaya daga cikinsu. A 2015 homran ya ninka sau biyar ya kai 15, amma mutum 353,378 a wasanni 16 bai wuce kimanin 22,100 a wasa ba, har yanzu ƙasa da shekarar da aka fi kuka da ita.

A harabar jami'o'i ma haka abin yake. Ranar 12 ga Afrilun 2014, a tsakiyar kakar da ta fi kowacce ƙarancin homran, mutum 15,586 suka cika filin Dudy Noble a Starkville don kallon Jihar Misisipi da abokiyar hamayyarta Jami'ar Misisipi, wadda ake kira Ole Miss, kuma a lokacin wannan ya kafa tarihin yawan 'yan kallo a filin da ke cikin harabar jami'a. LSU, wadda ta fara jagorantar ƙasar a yawan 'yan kallo tun 1996, ta ci gaba da sayar da tikiti sama da dubu goma a wasa a filin Alex Box duk tsawon waɗannan shekaru. Ita kuwa UCLA, da kofinta da komai, filinta bai kai kujeru 2,000 ba, a cikin birnin Los Angeles inda ƙwararrun ƙungiyoyi suka cinye kasuwa.

Dalilan a fili suke. Ana sayen tikitin kaka tun kafin a jefa ƙwallon farko a tsakiyar Fabrairu, kuma a manyan jami'o'in kudu wanda ya saki kujerarsa zai iya daɗewa bai sake samun irinta ba. Sannan zuwa kallo a can ba don wasan kaɗai ba ne. A bayan katangar hagu ta Dudy Noble iyalai suna gasa nama tun kafin a fara, a wuraren da wasu suka gada daga iyayensu, har su miƙa wa 'yan wasan baƙi abinci bayan an tashi. Irin wannan mutum ba 2 da 1 ne zai hana shi fitowa ba. Sai nasara, wadda ta fi komai: Jami'ar Karolina ta Kudu ta ɗauki kofi a 2010 da tsohuwar sanda, ta sake ɗauka a 2011 da sabuwa, kuma magoya bayanta ba su tambayi wace sanda ce ba. Sai sabon fili, sai yanayi. Jami'o'in arewa suna kwashe makonnin farko suna yawo a kudu saboda dusar ƙanƙara, in sun dawo gida a ƙarshen Maris ma sanyi bai sake su ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi yawan maki ƙarfi wajen cika kujera.

Inda illar take

Lambar da jami'o'i ke sanarwa galibi ta tikitin da aka sayar ce, ba ta waɗanda suka shigo ba. LSU tana cikin masu fitar da lambobin biyu, kuma a daren Talata, lokacin da ake karawa da ƙaramar makaranta, ta biyun kan yi ƙasa da ta farko sosai. Mai tikitin kaka da ya zauna gida an riga an ƙirga shi. Wanda ya tashi a zubi na shida shi ma an ƙirga shi. Don haka gajiyar 'yan kallo tana iya ɗaukar shekaru kafin ta fito a takarda, sai ranar da aka zo sabunta tikiti.

Kuma abin da ke gajiyar da su ba ƙanƙantar lambar da ke kan allo ba ce. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san 1 da 0 yana iya riƙe mutum a kujera har busar ƙarshe, muddin akwai yiwuwar a farke. A 2013 da 2014 wannan yiwuwar ce ta dushe. Ƙungiyar da aka ba tazarar maki uku a zubi na biyar tana buƙatar bugu huɗu ko biyar masu kyau a jere, a gaban masu tsaron da suka matso da mai jifan da ba ya tsoro. Ɗan kallo ya san da wuya hakan ta faru, sai ya fara tunanin cunkoson mota.

Waɗanda wannan ya fi shafa su ne na gefe: ɗalibin da ya shigo kyauta da katin makaranta, iyalin da suka zo sau ɗaya don gwaji, mai riƙe da rimot a gida. Tsohon ɗan kallo yana jin daɗin ganin yadda mai jifa ke yaudarar mai bugu da ƙwallo mai lanƙwasa; sabon shiga bai san inda zai duba ba, amma kowa ya gane ƙwallon da ya fita waje. A filin Swayze na Ole Miss, ɗalibai a bayan katangar dama suna watsa giyar da ke kofunansu sama duk lokacin da aka yi homran, kuma wannan al'ada tana cikin abin da ke kawo su. Kakar da homran ya ragu da fiye da rabi ta rage musu dalilin zuwa da fiye da rabi. Ga makarantar da matsakaicin 'yan kallonta bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, wadda ba ta da jerin masu jiran tikitin kaka, irin waɗannan mutane su ne kasuwar gaba ɗaya.

Wasan 22 ga Yunin 2023 a Omaha ya nuna bambancin sarai. Paul Skenes na LSU ya yi zubi takwas ba a ci shi ba, Rhett Lowder na Jami'ar Wake Forest ya yi bakwai. Aka kai zubi na 11 babu ci, sannan Tommy White na LSU ya fitar da ƙwallon farko da aka jefa masa waje, aka tashi 2 da 0. Ana lissafa shi cikin wasanni mafi kyau da gasar ta taɓa gani. Maki biyu ne kacal, amma a kowane jifa cikin zubi goma sha ɗaya, kowa a filin ya san bugu guda zai iya gama komai. Shekara goma kafin nan, 0 da 0 ba ya ɗauke da wannan fargaba.

Gyaran da aka yi, da sabuwar matsala

Hukuma ba ta taɓa sandar ba, saboda batun tsaron lafiya na nan. Ƙwallon ta gyara. Ɗinkin ƙwallon jami'a yana da tudu, inci 0.048, kuma tudun yana ƙara jan iska. Gwajin da aka yi a ɗakin binciken kimiyyar wasanni na Jami'ar Jihar Washinton ya harba ƙwallaye daga na'ura da saurin mil 95 a awa a kusurwar digiri 25: mai tudun ɗinki ya yi ƙafa 367, mai kwantaccen ɗinki na inci 0.031 ya yi 387. Ƙafa ashirin ke nan, kusan mita shida. Dabarar tana da kyau domin saurin fitar ƙwallo daga sanda bai ƙaru ba, saboda haka mai jifa bai shiga ƙarin haɗari ba. Sai ƙwallon ya yi nisa ne bambancin jan iska ke taruwa. Aka fara amfani da shi a 2015, homran ya tashi daga 0.39 zuwa 0.56.

Daga nan ya ci gaba da hawa. 'Yan wasa suka ƙara ƙarfi, na'urorin auna saurin ƙwallo da kusurwar tashinsa suka shiga wuraren atisaye, kamfanoni suka koyi faɗaɗa wurin bugu mai daɗi ba tare da keta iyakar 0.50 ba. Zuwa 2023 homran ya koma sama da ɗaya a wasa, irin na zamanin 1998. A wasannin ƙarshe na shekarar, Fulorida ta lallasa LSU 24 da 4, washegari LSU ta rama 18 da 4. Gasar ta tara mutum 392,946. Charlie Condon na Jojiya ya yi homran 37 a 2024, Tennessee kuma ta ɗauki kofi da homran 184 a kakar.

Sai dai 24 da 4 yana kashe fatan farkewa kamar yadda 3 da 0 na 2014 ke yi, ga shi kuma yana cin lokaci. Kowane sauyin mai jifa yana ƙara mintuna, wasan daren Talata ya doshi awa huɗu, iyaye masu yaran da za su je makaranta da safe su tattara su tafi. Shi ya sa aka tsaurara agogon daƙiƙa 20 tsakanin jifa da jifa a 2023, ƙungiyar jami'o'in kudu maso gabas ta SEC kuma ta kafa dokar tsayar da wasanninta idan tazara ta kai maki goma bayan zubi bakwai.

Duk jami'ar da ke son sanin ko salon wasanta na korar mutane, jimillar kaka ba za ta gaya mata ba. Sai ta ɗauki lambar na'urar da ke karanta tikiti a ƙofa, ta ware wasannin Juma'a zuwa Lahadi daga na tsakiyar mako, ta cire ranakun ruwa da tsananin sanyi, ta kwatanta abokan karawa masu daraja ɗaya, ta kuma duba sakamakon kakar da ta gabata, domin shi ne ke sayar da tikitin bana. Bayan haka ta duba abu biyu da ba sa fitowa a sanarwa: yawan ɗaliban da suka zo sau ɗaya suka sake dawowa, da cinikin rumfunan abinci daga zubi na bakwai zuwa sama, wanda ke nuna ko mutane na nan a kujerunsu ko sun kama hanyar gida.